Wai gaskiya ne kurkum da zogale suna kare hanta daga illar allurar kansa (ciwon daji)?

Ɗan_Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Kwanan nan sai yawo ake yi da sakamakon binciken da aka yi a kan ɓeraye, wai sinadaran da ke cikin kurkum, zogale, habbatus sauda da namijin goro suna kare hanta daga ɓarnar da magungunan kansa suke yi mata. Ba fa maganar masu talla da lasifika a bayan mota ba ce, a jami'o'i aka yi, har da namu na gida. To in haka ne, me ya sa likitocinmu suke hana mai karɓar allurar kansa shan duk wani abu na gargajiya? Ni dai a ganina ko dai ba sa bibiyar bincike, ko kuma raini ne ga abin da ya tsiro a ƙasarmu. Masana a warware mana.

Ummu_Haidar:
Wa alaikumus salam. Wallahi ka riga ni a baki. Yayata tana karɓar allurar nan ta ciwon nono, kuma duk lokacin da za a yi mata sai an ɗebi jini an duba hanta. Sau ɗaya ma ɗaga mata rana aka yi, aka ce lambobin sun hau. Dangi kowa da abin da yake kawowa, ita kuma likita ya ce kada ta sha komai. Mun rasa na kamawa.

Abban_Sadiq:
Raini ne kawai malam. Da Bature ne ya zuba zogalen a kwalba ya manna masa takarda, da tuni suna rubuta shi.

Ɗalibar_Samaru:
Bari in sa baki, don irin wannan aikin na yi da hannuna a digiri na biyu. Binciken gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. Amma ya kamata ku san yadda ake yin sa kafin ku ɗora masa nauyin da bai ɗauka ba.

Fararen ɓeraye ake samowa, galibi jinsin Wistar, kowanne bai wuce giram 150 zuwa 200 ba. Sai a raba su rukuni-rukuni, yawanci biyar ko shida a kowane keji. Rukunin farko ruwa da abinci kawai. Na biyu a yi musu allurar maganin kansa. Sauran kuma a riƙa ɗura musu ruwan ganyen ko sinadarin da aka tace ta wani siririn bututu kullum, mako ɗaya ko biyu, sannan a yi musu allurar. Wadda aka fi amfani da ita ita ce metotireksat, miligiram 20 ga kowane kilo, sau ɗaya, a cikin ciki. Wasu suna amfani da sisfilatin ko doksorubisin ko saikulofosfamaid. Bayan 'yan kwanaki a sumar da su, a ɗebi jini, a feɗe su a ciro hantar. Ta lafiyayyen ɓera ja ce sumul tana sheƙi. Ta wanda ya sha allura shi kaɗai kuwa, in ka yanka ta siriri ka sa a madubin duba ƙwayoyin halitta, za ka ga ƙwayoyin sun kumbura, wasu sun mutu, fararen ƙwayoyin jini sun taru a gefen jijiyoyi. A jini kuma ALT da AST, ma'aunan raunin hanta, sun hau, wato irin lambobin da ake duba wa yayar Ummu_Haidar. Waɗanda aka ba ruwan ganyen, lallai lambobinsu sukan yi ƙasa, hantarsu ta fi kyan gani. Na gani da idona.

Sai dai ga abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗa: yawancin ɓerayen nan ba su da kansa. Lafiyarsu ƙalau. Don haka binciken ya amsa tambayar ko hanta ta tsira, bai taɓa tambayar ko maganin ya ci gaba da kashe ciwon ba.

Ɗan_Gwale:
To ai hantar muke magana a kai, malama. In ta tsira ai buƙata ta biya.

Likitan_Shika:
Malam Ɗan_Gwale, inda Ɗalibar_Samaru ta tsaya nan ne tsoronmu yake. Maganin kansa guba ne da aka auna, kuma aikinsa kenan. Wasu daga cikinsu suna kashe ƙwayar ciwon ne ta hanyar da ta yi kama da yadda suke raunata hanta. Sinadarin da ya tare wa hanta faɗa bai san bambancin hanta da ƙari ba. Zai iya tare wa ciwon ma.

Ba hasashe nake yi ba. A 2002 wasu masu bincike a Amurka suka dasa wa ƙananan ɓeraye kansar nono ta mutum, suka ba su saikulofosfamaid, suka haɗa wa wasu da kurkumin a abinci, wato sinadarin da ke sa kurkum ya yi rawaya. Waɗanda suka ci kurkumin, ƙarinsu bai motse kamar na sauran ba. A 2009 kuma aka nuna cewa sinadarin koren shayi yana manne wa botezomib, maganin wata kansar ɓargo, ya hana shi aiki. Don adalci, akwai wasu binciken ɓerayen da suka nuna kurkumin yana ƙara wa wasu magungunan ƙarfi. To ka ga ɓerayen ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Ni da mara lafiya yake gabana, ya sayar da gona ya sayi allura shida, da wanne zan yi caca?

Malam_Kurna:
Likita, a yi hattara da habbatus sauda dai. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa. Ba ma buƙatar ɓera ya tabbatar mana.

Likitan_Shika:
Allah gafarta Malam, ba na ja da hadisi. Tambayata ta gwargwado ce da lokaci: nawa za a sha, kuma a haɗa da me. Wanda ya barbaɗa ta a shayi daban, wanda yake shan man ta cokali uku a ranar da aka ɗaura masa ruwan allura daban.

Malam_Kurna:
Wannan kuma magana ce. Malamai ma sun yi bayanin cewa magani sai ya dace da cutar da gwargwadonta. Ni dai kar a ce ba ta da amfani.

Mai_Haɗa_Magani:
Tunda an zo maganar gwargwado, bari mu yi lissafi, don nan ne mutane suka fi ruɗewa. A irin binciken nan ana ba ɓera kurkumin miligiram 100 zuwa 200 ga kowane kilo. Ba a ɗaukar wannan kai tsaye a ɗora wa mutum, ƙa'idar da ake bi ita ce a raba da 6.2. To 200 ya zama kamar 32 ga kowane kilo. Mai nauyin kilo 60 zai buƙaci kusan giram 2 na tsantsar kurkumin kullum. Garin kurkum na kasuwa kuwa kurkumin ɗin da ke ciki bai wuce kashi 3 cikin 100 ba a yawanci. Kenan sai ka ci sama da giram 60 na gari a rana. Wa zai iya? Kuma ko ka ci, kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini, sauran ta bayan gida yake fita.

Shi ya sa kamfanoni suke haɗa shi da sinadarin masoro su zuba a kwanso, don ya fi shiga jiki. A nan kuma aka samu wata matsalar. A 2019 hukumomin lafiya na Italiya suka samu mutum fiye da 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan kwanson. A 2022 masu bibiyar illar magunguna ga hanta a Amurka suka ba da rahoton mutum 10 da kwanson kurkum ya raunata musu hanta, ɗaya ya rasu. Abin da aka saya don kare hanta, shi ya kwantar da ita.

Wani abu kuma: yawancin magungunan kansa a hanta ake sarrafa su, kuma wasu tsirrai suna hanzarta wannan aiki ko su rage masa gudu. Akwai wani fure da Turawa suke sha saboda damuwa, St John's wort. A 2002 aka gwada shi a Rotadam ta ƙasar Holan a kan masu karɓar irinotikan, sai sinadarin maganin mai aiki ya ragu a jininsu da kashi 42 cikin 100. A can ɗin dai aka sake gano cewa kurkumin yana rage ƙarfin tamoksifen a jini, ƙwayar da mata masu kansar nono suke sha shekara da shekaru. Ummu_Haidar, ki riƙe wannan saboda Yaya.

Ummu_Haidar:
Innalillahi. Ai kuwa an ce bayan allurar za a ɗora ta a kan wata ƙwaya ta shekara biyar. Zan duba sunanta. Na gode ƙwarai.

Abban_Sadiq:
Duk misalanku daga Turai da Amurka. Su da suke son a ci gaba da sayen nasu, me kuke so su ce?

Mai_Haɗa_Magani:
Abban Sadiq, ai su Turawan ba gaba suke yi da tsirrai ba. Binkiristin da ake yi wa yara masu kansar jini daga wani fure ɗan asalin Madagaska aka samo shi, ana ma shuka shi a gidajenmu don ado. Maganin kansa mai suna Taxol daga ɓawon wata bishiya ta Amurka ya fito. Irinotikan da na ambata asalinsa wata bishiya ce ta ƙasar Sin. In ganye ya ci jarrabawa da gudu suke ɗauka, don kuɗi ne a ciki.

Nas_Hauwa:
Ni ba zan kawo bincike ba, abin da nake gani a ɗakin marasa lafiya zan faɗa. Akwai wata baiwar Allah da muka yi jinya, tana zuwa allurarta lafiya lau, sai wani zuwa muka ga idonta ya yi rawaya, fitsari kamar ruwan shayi. Likita ya tambaye ta ko tana shan wani abu, ta ce a'a. Da dare ina gyara mata shimfiɗa ƙafata ta bugi wata jarka a ƙarƙashin gado, an naɗe ta da zani. Jiƙo ne baƙi wuluk, da saiwoyi a ƙasa. Surukarta ce ta kawo daga ƙauye, wai na wanke hanta ne. Ita kanta ba ta san abin da aka jiƙa ba. Da na tambaye ta me ya sa ta ɓoye, sai ta ce, “Sista, in na faɗa faɗa za a yi min, in na ƙi sha kuma a ce na raina Inna.”

Ban ce jiƙon ne ya jawo ba, don ba a auna shi ba. Amma an dakatar da allurarta makonni, kuma ciwo ba ya jiran kowa. Ina roƙon likitocinmu su ma su sassauta harshe. In ana yi wa mutum tsawa, ɓoyewa zai yi.

Hajiya_Babba:
Allah ya yi miki albarka 'yar nan. Wannan ita ce gaskiyar gidajenmu. Mara lafiya ba shi da ta cewa, kowa likita ne a kansa.

Ɗan_Gwale:
Na ji duk bayananku. To amma ba a taɓa gwadawa a kan mutane ba ne sam? Shekara nawa ana kashe ɓeraye?

Likitan_Shika:
An gwada, kaɗan. Wanda ya fi kowanne samun kulawa shi ne silimarin, daga wata ƙaya mai fure shuɗi-ja da ke fitowa a yankin Bahar Rum. A 2010 aka buga wani gwaji da aka yi a Amurka a kan yara 50 masu kansar jini waɗanda magani ya taɓa musu hanta. Aka ba wasu silimarin na kwana 28, wasu kuma abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki. A ƙarshen kwana 28 ba a ga wani bambanci ba, sai a kwana na 56 aka ga AST ɗin waɗanda suka sha ya fi sauka. Alama ce mai daɗi, amma yara 50 ba su isa a kafa doka ba. Shi wannan silimarin da aka gwada shi a 2012 a kan mutum 154 masu ciwon hanta nau'in C, bai sauke musu ALT ba ko kaɗan, alhali a ɓera kullum cin nasara yake yi.

Akwai kuma wani bincike na 2020 a kan mata sama da 1,000 masu kansar nono a Amurka. Waɗanda suka riƙa shan ƙwayoyin ƙarin bitamin masu hana tsatsar jiki (antioxidants) kafin allura da lokacinta, ciwon ya fi yawan dawo musu. Bai kai a ce tabbas su ne sanadi ba, amma ya isa ya sa likita ya yi taka-tsantsan. Gaba ɗaya ma, cikin magunguna 10 da suka tsallake gwajin dabbobi suka shiga na mutane, kusan 9 faɗuwa suke yi.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum daga Nijar. Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Mu nan abin da ya fi cin hantar mutane ba allurar kansa ba ne. Ciwon hanta nau'in B ne, da gyaɗa da masara masu funfuna da ake ajiyewa da danshi. Mutum yana neman ganyen da zai kare hanta, alhali ƙuli-ƙulin da yake ci da ruɓaɓɓiyar gyaɗa aka yi shi.

Likitan_Shika:
Ba ka kauce ba ɗan'uwa, ka ma taɓo abin da ya fi komai muhimmanci. Ƙidayar ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ta nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B, da yawansu ba su sani ba. Allurar kansa tana raunana garkuwar jiki, sai ƙwayar cutar da take kwance ta farka ta afka wa hanta, musamman ga masu karɓar maganin kansa mai suna rituksimab. Wannan yana iya kisa. Kuma rigakafinsa sananne ne, an gwada a kan mutane: a yi gwajin jini kafin a fara allura, in an samu a ɗora mutum a kan tenofobir ko entekabir. Duk mai ɗan'uwa da zai fara allura ya tambaya ko an yi wannan gwajin. Ya fi masa kurkum buhu guda. Sannan a kula da farasitamol, don mutane suna haɗa kala biyu ko uku na maganin mura da ciwon jiki ba su san duk akwai shi a ciki ba.

Zango_Kumasi:
Mu a Gana an ɗan yi gaba a wannan fanni. Akwai cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong tun 1975, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi tana ba da digiri a kan maganin gargajiya, kuma wasu asibitocin gwamnati suna da sashensa. Amfanin haka shi ne mara lafiya ba ya ɓoyewa kamar matar da Nas_Hauwa ta ba da labari. Amma ko a nan ban ga ana ba mai allurar kansa ganye don kare hanta ba.

Abban_Sadiq:
To mu me ya hana mu? Ga cibiyar binciken magunguna a Idu, Abuja, wadda ta haɗa Niprisan na masu sikila daga tsirranmu. A Jami'ar Ibadan Farfesa Farombi ya shekara da shekaru yana aiki a kan kolabiron, sinadarin da ke cikin namijin goro. Kullum sai a ce mana a ɓera ne kawai. To wa zai kai shi ga mutum? Kamfanin waje ba zai zuba kuɗi a kan abin da ake sayarwa a faranti a bakin tasha ba, tunda ba zai mallake shi ba. In mun zauna jiran su, har abada amsar likita ita ce ba a tabbatar ba.

Mai_Haɗa_Magani:
A nan kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Rashin hujja wani lokaci rashin mai biyan kuɗin nemo ta ne. Amma hakan ba ya mayar da jarkar ƙarƙashin gado magani. Kuma a lura, lambar NAFDAC da ke jikin yawancin magungunan gargajiya ba shaidar suna warkarwa ba ce. Ku karanta ƙananan rubutun jikin kwalbar, za ku ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba.

Hajiya_Babba:
Ni tambayata ta tsofaffi ce. Yanzu miyar zogale da kwaɗonsa da ɗan zoɓo ma a hana mara lafiya? Da me zai rayu?

Likitan_Shika:
A'a Hajiya, ranki ya daɗe. Abinci abinci ne. Miyar zogale, shuwaka, ɗan kurkum a shinkafa, citta a shayi, ba su nake nufi ba, in dai an wanke an dafa da kyau, don mai allura ba ya jure ƙwayoyin cuta. Abin da nake tsoro shi ne kwanso, da gari cokali-cokali, da mai, da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Duk wanda aka kawo wa irin wannan, ya ɗauko shi ya zo da shi asibiti a gani.

Ɗan_Gwale:
Na karɓi maganar nau'in B da ta kwanso. Amma har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya: cewa kawai “kar ka sha komai” ba tare da bayani ba, shi ke kore mutane zuwa wajen masu jarka. Ɗalibar_Samaru, ku da kuke ciki, me zai hana ku yi gwajin da ɓerayen da suke da kansar, a ga ko hanta za ta tsira ciwon kuma ya mutu?

Ɗalibar_Samaru:
Ana yi a wasu wurare, kuma shi ne matakin da ya kamata ya biyo baya. Amma dasa kansar mutum sai a jikin wasu ɓeraye na musamman marasa garkuwar jiki, masu tsada, da ke buƙatar ɗaki mai tsabtatacciyar iska da sanyi dare da rana. Ƙwayoyin kansar ma sai an adana su a sanyin da ya wuce na firiza nesa ba kusa ba. Ɗalibin da yake sayen abincin ɓera da kayan gwaji daga aljihunsa, wuta tana ɗaukewa, ina zai kai wannan? Shi ya sa kowa yake maimaita mai sauƙin: wannan ya yi da zogale, wancan da shuwaka, wata da ganyen gwanda, a buga takarda a samu digiri, a wuce.

Abban_Sadiq:
To kuɗin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ina suke tafiya? A haɗa jami'o'i uku ko huɗu su yi guda ɗaya mai kyau mana, maimakon ƙanana ɗari.

Ɗan_Damagaram:
In za a yi, a sa da mu. Zogalen Maraɗi ma ai ba baya ba ne.